Lita 150: Yadda Muka Zaga Hamadar Arizona a Mota Mai Ɗaki

Hamadar kudancin Arizona ba a shigarta yawon buɗe ido a duk watan da mutum ya ga dama. A birnin Finiks zafi ya taɓa kai digiri 50 a watan Yunin 1990, a 2023 kuma aka jera kwana 31 kullum da rana sai ya kai digiri 43 ko ya zarce. Mutumin Jos da zafi kuwa ba sa ga-maciji. Don haka da ƙanena da ke aiki a can ya ce in za mu zo, ni da Hajiya, mu daidaita tafiyar da watan Janairu, ban tsaya musu ba. Ya ce zai ɗauki hutu, mu yi hayar irin motar nan da Amurkawa ke kira RV, wadda ɗaki da kicin da ban-ɗaki duk suna cikinta, mu bi hamada muna kwana inda dare ya yi mana.

A majalisarmu ta Bauchi Road kuwa na sha tsiya. Wani dattijo da ya yi shekaru yana kai kaya Agadas ya dube ni ya ce, "Alhaji, ga Sahara a bayan gidanka, sai ka biya kuɗin jirgi ka je Amurka kallon yashi?" Aka yi ta dariya, ni ma na taya su.

Maganar biza a Abuja ba zan ja ta ba, duk wanda ya bi layin ya san yadda take. Abin da ya shafi wannan tafiya kai tsaye shi ne lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda na haɗa da nawa na gida tun kafin mu tashi. Motar ba ta buƙatar lasisin babbar mota, na ƙarama ya isa, amma kamfanin haya sai ya rubuta sunan duk wanda zai taɓa sitiyari. Hajiya ta ɗaure acca da kuka da daddawa da yaji, muka bayyana su a filin jirgi aka duba aka bar mu da su. Kilishi ne dai ba a shiga da shi, nama kowane iri an hana, don haka tun a gida muka cire rai.

Ranar karɓar mota muka je wani fili a garin Mesa, gabas da Finiks, inda motocin ke jere farare sol. Tamu ƙafa 25 ce, kusan mita bakwai da rabi, ƙanena kuma da gangan ya zaɓi wannan tsawon domin akwai hanyoyi a gandun daji da ba a barin wadda ta fi haka ta bi. Gabanta gaban babbar mota ne, a saman direba akwai gado da yara suka yi rububinsa nan take. A tsakiya teburin cin abinci ne da ke rikiɗa ya koma gado da dare, sai murhun gas, firji, wurin wanke kwanuka, ban-ɗaki da in ka shiga da ƙyar za ka juya, a ƙarshe kuma gadon manya. Kuɗin hayar kashi-kashi ne: na kowane dare daban, na kowane mil da ka ci daban, janareto ma awa-awa ake lissafa shi, ga kuɗin ajiya da suke riƙewa a kati har sai ka dawo da mota lafiya.

Ma'aikaciyar da ta zaga da mu ba ta ɓata lokaci kan gado da labule ba. Wani ɗan allo ta tsaya a gabansa kusa da ƙofa, mai maɓallai da ƙananan fitilu. Ta danna na farko: tankin ruwa mai kyau, lita 150 da 'yan kai. Na biyu: tankin ruwan wanka da wanke-wanke. Na uku: tankin masai. Ta ce tafiyarku duka a kan waɗannan ukun take, in na farko ya ƙare ko ɗaya daga cikin biyun ya cika, to yawo ya tsaya sai kun nemi inda za ku gyara. Na yi lissafi a zuci. Mu biyar ne, ni da Hajiya da ƙanena da 'ya'yansa biyu, matarsa aiki bai sake ta ba. Biyar sau salla biyar, ga tsarki, ga girki, ga wanka. Hajiya ma lissafin take yi, don ta juyo ta ce wa ƙanin nawa, "Kai mijina, a wannan ɗan ruwan za ka riƙe ni? Ai ko amaryar ƙauye ta fi haka gata." Ya ce, "Hajiya, in ya ƙare ga ƙasa nan tsarkakakka iya ganinki, sai taimama."

Tuƙin bai ba ni wuya yadda na zata ba, giyar da kanta take canzawa, titin kuma shimfiɗe yake. Abu uku ne sai hannu ya saba. Ba ka ganin baya sai ta madubin gefe. Gindin motar ya zarce tayoyin baya da nisa, in ka sha kwana da gaggawa sai ya yi shara ya kwashi abin da ke gefe. Sai iska: a babbar hanya mai lamba 10 da ta nufi birnin Tusan, duk tirelar da ta wuce ka sai ka ji ta ture ka gefe sannan ta jawo ka. Mai kuwa shansa take ba ƙaƙƙautawa, lita ɗaya ba ta wuce kilomita huɗu. Kafin a tashi kuma akwai ka'ida, a kulle kowace durowa, a sauke duk abin da ke kan tebur, a kashe famfon ruwa, a leƙa waje a tabbatar an cire wayar lantarki.

Mun fara yada zango a sansanin Gilbert Ray, yamma da Tusan, cikin duwatsu. Akwai gajeriyar hanya ta wani hawa da ake kira Gates Pass, amma ba ta manyan motoci ba ce, sai muka zagaya ta kudu. A sansanin kowace mota da gurbinta da sandar lantarki. Aikin farko in an tsaya shi ne daidaita motar ta zauna sak, a sa katakai a ƙarƙashin tayar da ta yi ƙasa. Wannan ba don jin daɗin barci ba ne kawai. Firjin da gas yake aiki, in motar ta karkace ruwan da ke zagaya cikin bututunsa ba ya gudana daidai, sai ya daina sanyi, in abin ya daɗe ma ya lalace.

Da asuba na fito alwala na ji sanyin da ya sa na koma na ɗauko rigar sanyi. Hamada ce, amma a Janairu dare kan sauka kusa da daskarewar ruwa, rana ta fito kuma ya hau digiri ashirin da wani abu. Alƙibla ma sai da ta ɗaure mini kai. Na saba in fuskanci gabas, a can kuwa arewa maso gabas ce, har ta fi karkata arewa. Tun daga wannan safiyar muka kafa doka: alwala a waje da buta, a kan ƙasa, domin duk ɗigon da ya bi ta kwamin wanke hannu tanki na biyu yake cikawa. Ruwan sha kuma daban muke saye a jarkoki, akwai injuna a bakin shaguna da kake jefa kuɗi su tsiyaya maka galan-galan.

Abin da ya kawo mu Tusan shi ne sawaro, itacen ƙaya da ba ya fitowa a ko'ina a duniya sai a wannan hamada ta Sonora, wadda ta ratsa Arizona da arewa maso yammacin Meziko da ɗan gefen Kalifoniya. Mutumin Filato in ya hango shi zai tuna ƙeranar da ake shinge da ita a ƙauyukan Birom, sai dai wannan guda ɗaya ne tsaye ƙiƙam, kauri ya fi rungumar mutum, tsawo har mita goma sha biyu, da rassa da suka lanƙwaso sama. Ba shi da ganye ko ɗaya. Jikinsa tsaga-tsaga ne daga sama har ƙasa, in an yi ruwa tsagogin su buɗe ya kumbura, in fari ya daɗe su tsuke. Saiwoyinsa ba sa nitsewa sosai, bazuwa suke yi kusa da fuskar ƙasa don su cafke ruwan kafin rana ta ƙafar da shi, babba kuma in ya sha ya ƙoshi nauyinsa kan kai tan da yawa. Girmansa ne abin mamaki. Mai shekara takwas bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Reshen farko sai ya shekara 50 zuwa 70 kafin ya fito, ya kan kuma rayu shekara 150 har zuwa 200. Na tsaya gaban wani mai rassa da yawa na ce a raina, wannan ya riga Turawa zuwa Jos haƙar kuza. Dokar jihar ta hana sare shi ko tumɓuke shi ba izini. An keɓe masa wani yanki a gefen Tusan tun 1933, a 1994 aka ɗaga shi ya zama gandun ƙasa. Ƙabilar Tohono O'odham, masu asalin yankin, har yau suna tsinko 'ya'yansa a watan Yuni da dogayen sanduna da suke haɗawa daga haƙarƙarin mataccen sawaro.

Akwai wata ƙaya kuma da ake kira coya, gajera, mai gaɓa-gaɓa, daga nesa sai ka ɗauka laushi gare ta. Ƙaramin yaron ya matsa kusa don a ɗauke shi hoto, ko taɓa ta bai yi da niyya ba, sai ga gaɓa guda ta maƙale masa a ƙwauri ta cikin wando. Ya ƙwalla ƙara, "Baffa! Baffa, ta cije ni!" Na kai hannu, uban ya riƙe ni ya ce, "Yaya, kar ka taɓa, hannunka za ta koma." Ya zaro matajin kai daga aljihu, ya cusa haƙoransa tsakanin ƙayar da wandon, ya fizge da ƙarfi ta faɗi can. Sauran tsinin da suka rage sai da hantsaki, kowane ɗaya yana jan fata kafin ya fita domin bakinsa ƙugiya-ƙugiya ne. Daga ranar kowa da matajinsa a aljihu.

Mun leƙa tsohuwar majami'ar San Xavier da ke kudu da Tusan, fara fat, ginin da aka kammala a 1797 zamanin mulkin Sifaniya, muka ci soyayyen burodin da matan O'odham ke sayarwa a filin gabanta. Daga nan muka miƙi hanya mai lamba 86 zuwa yamma, ta cikin ƙasar ƙabilar, tafiya mai nisa da gidajen mai ƙalilan. A hanyar za ka yi ta tsallaka busassun rafuka da alamar gargaɗi a bakinsu. Ruwan Tusan a shekara bai wuce milimita 300 ba, amma na bazara, daga Yuli zuwa Satumba, da ƙarfi yake zuwa, ƙasar ba ta shanye shi, rafin da yake yashi yanzu kan cika cikin mintoci. Jihar har doka gare ta: in ka kewaye shingen da aka sa ka kutsa cikin ambaliya aka zo aka cece ka, ana iya aiko maka da takardar biyan kuɗin ceton.

A gandun Organ Pipe, dab da iyakar Meziko, muka fara ɗanɗana zama ba lantarki ba famfo a gurbi. Janareto ma da sa'o'in da aka yarda a kunna shi. A nan aka koyi wanka na gaske: ka jiƙa jiki ka rufe, ka goga sabulu, ka buɗe ka ɗauraye, a gama da abin da bai cika bokiti rabi ba. Kwanuka sai an share su da takarda kafin su ga ruwa. Hajiya ta dafa gwaten acca a tukunya ɗaya don kada wanke-wanke ya yi yawa, wani tsohon Bature da matarsa da ke maƙwabtaka da mu, 'yan Kanada masu gudun hunturu, suka ji ƙamshin daddawa suka leƙo. Matar ta ci ta ƙara, mijin yaji ya sa shi hawaye.

A nan ne kuma fitilar tanki na uku ta nuna ya kusa cika, aikin da kowa ke kauce wa ya zo. Ga yadda ake yi, tun da babu mai faɗa maka wannan a hotunan talla. Kowane babban sansani na da wurin zubarwa, rami ne mai murfi a ƙasa da famfon ɗauraya a gefe, ana bin layi. Ka sa safar hannu ta roba. Ka zaro wani tiyo mai kauri daga ma'ajiyarsa, ka murɗa bakinsa ɗaya a bututun motar har sai ka ji ya kama, ɗaya bakin ka cusa a ramin ka danne shi da dutse ko da ƙafa. Sai ka ja bawul ɗin masai tukuna. In ya gama ka rufe, ka ja na ruwan wanka, shi ne mai sabulu, shi zai wanke tiyon daga ciki. In ka juya tsarin ka fara da na wanka, to da hannunka za ka gyara. Ni dai saboda najasa riga da takalmi daban na ware wa wannan aiki, suna cikin leda a akwatin waje. Wani abin da na lura, masu haya da yawa na kukan tankin yana toshe musu saboda takarda ta yi yawa ruwa ya yi kaɗan. Mu masu buta ba mu gamu da wannan ba, sai dai namu ya fi saurin cika. Fitilun ma ba kullum suke faɗin gaskiya ba, bayan mun zubar sarai fitilar tanki na uku ta ci gaba da nuna rabi, sai da motar ta yi tafiya ta girgiza sannan ta sauka.

Da muka juyo arewa ta hanya mai lamba 85 muka tarar da shingen jami'an tsaron iyaka, da kare yana shinshina motoci. Duk baƙon da zai bi yankin nan ya riƙe fasfonsa a kusa, kada ya bar shi a gida. Jami'in ya duba biza, ya tambayi inda muka fito, ya ɗaga mana hannu.

Yuma, garin da ke kusurwar kudu maso yammacin Arizona, ta ba ni mamaki fiye da ko'ina. Ruwan samanta a shekara bai kai milimita 100 ba, tana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun hasken rana a duniya, amma kana gangarowa sai ka ga kore shar har iyakar gani, latas da kabeji jere a layi. Mafi yawan latas ɗin da Amurka ke ci da hunturu daga nan yake fita. Duk kogin Kolorado ne, an tare shi an rarraba ta magudanai. Shi ne kuma ake turawa Finiks da Tusan ta wata doguwar magudana mai kilomita sama da 500, wato ruwan da muke ta tattali a tanki ma wani kaso nasa daga wannan kogin ya taso. Ga gonakin dabino kuma. Irin nan manya masu laushi, majhul, asalinsu Maroko ne. A 1927, lokacin da wata cuta ke kashe itatuwan can, aka kawo 'ya'yan itace goma sha ɗaya Amurka, aka killace su shekaru a jihar Nebada, daga cikinsu ne gonakin suka yaɗu. Hajiya ta sayi kwalaye na azumi, tana ta mita wai dabinon Larabawa sai a hannun Nasara za ta saye shi da dala. Yamma da garin, an tsallaka Kalifoniya, akwai tuddan yashi zalla, nan ne kawai a duk tafiyar muka ga irin hamadar da ke cikin kan mutanenmu. Yara suka yi ta gangarowa, muka kwashe yini muna share yashi daga gadaje.

Zangon ƙarshe Kwatsait ne, arewa da Yuma. Mazaunansa na dindindin ba su kai dubu uku ba, amma a Janairu dubban motoci irin tamu ke bazuwa a dajin da ke kewaye da shi, galibi tsofaffi 'yan fansho daga jihohi masu ƙanƙara, ga kasuwar duwatsu masu daraja da ta kayan mota a cikin tantuna. Filin na gwamnatin tarayya ne, akwai sassan da za ka zauna kyauta har kwana 14, ba ruwa ba wuta ba masai, kai da tankinka. A garin kuwa sayar da ruwa da karɓar ƙazanta sana'a ce sosai, layin motoci a wurin ya fi na gidan mai.

A maƙabartar garin akwai wata 'yar dala da aka gina da duwatsu, da siffar raƙumi ta ƙarfe a ƙololuwarta. Kabarin Haji Ali ne, wanda sojojin Amurka suka riƙa kira Hi Jolly. A 1855 majalisar dokokin Amurka ta ware dala 30,000 don a sayo raƙuma a gwada su wajen ɗaukar kayan soja a wannan hamada, tun da alfadarai da dawakai ƙishirwa na gama da su. Aka kawo sama da saba'in daga ƙasashen daular Usmaniyya, da mutanen da suka iya su, cikinsu har da shi, a 1856 da 1857. Raƙuman sun yi aikin, a 1857 ma da su aka auna hanyar keken doki zuwa kogin Kolorado. Amma alfadarai na firgita da su, sojoji ba sa son warinsu, yaƙin basasa kuma ya ɓarke a 1861 aka watsar da shirin. Aka yi gwanjon wasu, wasu suka bazama daji. Shi ya zauna, ya yi dako, ya yi neman ma'adinai, ya rasu a nan a 1902. Hukumar hanyoyin jihar ce ta gina masa dalar a 1935. Muka yi masa addu'a muka fito. Babbar yarinyar ta tambayi ubanta ko Haji Ali ma da buta yake yawo, ya ce ta tambayi Baffa.

Mayar da mota ma da nasa tsarin. Ana so ka kawo ta da tankunan ƙazanta a wofi, mai da gas a inda ka same su, ciki a share, in ba haka ba kowane ɗaya da tararsa. Muka tsaya a wani gidan mai na manyan motoci kafin Finiks muka zubar, muka cika, Hajiya ta sa yara suka kakkaɓe katifu. A filin Mesa wani matashi ya zagaya motar da takarda, ya hau tsani ya duba rufin ko mun goga reshe, ya karanta mil, ya karanta awannin janareto, ya danna maɓallan nan uku. Da aka haɗa lissafi, kuɗin mil da na mai sun kusa kamo kuɗin hayar kanta. Ƙanena ya miƙa kati bai bari na ga jimillar ba, na ce ya faɗa mini a naira, ya ce, "Yaya, bari dai sai kun sauka Abuja lafiya."